Tallar Walwalin

Fitilar Ma'aunin Rai ta koma kore tun kafin dattijon ya gama zama. Na'urar ba ta fi faifai girma ba. Tana manne da bangon ɗaki na bakwai a asibitin unguwa, da ɗan ido na gilashi a tsakiyarta da ramuka uku da take sauraro da su. Aikinta shi ne ta ji muryar mutum, ta kalli fuskarsa, ta bi numfashinsa, sannan ta rubuta wa likita abin da ta gano a allon da ke kan tebur.

"Malam Barau, me ke tafe da kai?" in ji Dakta Safara'u Tanimu.

Dattijon ya gyara zaman hularsa. Shekararsa ashirin da shida yana gyaran birkin jiragen gada, wato jiragen ƙasa masu gudu a saman birnin Tudun Haske, kuma hannuwansa ma sun nuna haka.

"Likita, safiya ba ta yi mini daɗi. Ji nake kamar an cika mini ƙirji da yashi. Abin da nake so a da, yanzu ba ya burge ni."

Nan take rubutu ya fito a allo: ciwon damuwa, mataki na biyu, a ba shi Walwalin, ƙwaya ɗaya kullum, tsawon wata shida. Abin da ya rage wa Safara'u ta ɗora yatsa kawai, takardar magani ta fito. Ba ta ɗora ba. Tun safe shi ne mutum na tara da ya ce mata an cika masa ƙirji da yashi, kuma dukansu a jere suka kawo maganar, safiya, yashi, abin da ba ya burgewa, kamar ɗaliban da suka yi hadda a aji ɗaya.

"Tun yaushe kake jin haka?"

"Yau kwana goma sha tara da rasuwar mai ɗakina."

"Allah ya ji ƙanta, ya ba ka haƙuri. Kana cin abinci?"

"Amin. Ina ci, 'yata tana aiko mini."

"Barci fa? Aiki?"

"Ina barci. Aiki kuwa na koma tun bayan addu'ar bakwai, zaman gidan ne ba na iyawa."

Safara'u ta juya allon gefe. A hankali ta yi masa bayani cewa abin da yake ji baƙin cikin rashi ne, wanda ya zauna da mace shekara talatin dole ya ji shi, kuma ba ta ga alamar ciwo a tare da shi ba. Ta ce ya dawo bayan mako uku su sake zama. Malam Barau ya saurare ta da ladabi har ta gama.

"Na gode, Likita. Ni dai cewa aka yi in tambayi likitana Walwalin."

"Wa ya ce?"

"Bango mana," ya amsa, yana mamakin tambayar.

Ya yi mata sallama ya fita. Ta tagar ƙofa ta ga ya shiga ɗaki na takwas, kuma ba a yi minti huɗu ba ya fito da takarda a hannu.

A Tudun Haske ba wanda ke sayen akwatin talabijin. Duk gidan da aka gina a shekaru ashirin ɗin nan, bango ɗaya na falonsa talabijin ne, haka ma a tashoshi da kasuwanni da asibitoci. Kallo kyauta ne, talla ce ke ɗaukar nauyinsa. Kowane bango yana da ido, saboda haka ba talla ɗaya yake nuna wa kowa ba, sai wadda ya ga ta dace da mai kallo. Safara'u ba ta cika zama gabansa ba, in ma ta zauna tallar takalma da ta tafiya Umara yake nuna mata. Ba ta taɓa ganin ta Walwalin ba ko sau ɗaya.

Ma'aunin Rai kuwa ta san shi ciki da waje, domin da hannunta aka yi shi. Shekara goma sha biyu da suka wuce tana ɗaliba a ƙarƙashin Farfesa Jafaru Lawandi, mutumin da ya tsamo ta daga cikin ɗalibai ɗari biyu ya ce yana ganin likita a tare da ita. Matsalar da suka sa a gaba tsohuwa ce: mutanenmu ba sa zuwa asibiti su ce suna da damuwa. Cewa suke kai na zafi, gaba na faɗuwa, jiki ba ƙarfi, baki ba ɗanɗano. Sai a ba su maganin zazzaɓi su koma gida da ciwonsu. Shekara uku Safara'u ta yi tana yawo ƙauyuka da unguwanni da rikoda a jaka, ta naɗi muryar mutum dubu huɗu suna faɗin abin da ke cin su da bakinsu. Kowane ɗaya ta yi masa alkawari, ido cikin ido, cewa muryarsa ba za ta fita daga ɗakin bincike ba. Daga waɗannan muryoyi na'urar ta koyi jin damuwar da ke ɓoye a bayan ciwon kai. An kuma gina ta yadda za ta ci gaba da koyo: duk lokacin da likita ya amince da shawararta ya rubuta magani, sai ta riƙe cewa ta yi daidai, ta ƙara wa irin kalmomin da ta ji nauyi. A shekarun farko ta ceci mutane da yawa. Safara'u ba ta da abin alfahari da ya wuce ta.

Ranar Alhamis da azahar aka kira ta daga tsohuwar unguwa da ke ƙarƙashin gadoji. Maƙwabciyar yayarta ce. Ta ce kwana uku ba su ga Uwani ta leƙo ba, sai da suka ɓalle ƙofa, suka same ta kwance a ƙasa ba ta iya ɗaga kai.

Uwani ce ta raini Safara'u bayan rasuwar mahaifiyarsu, da ɗinkin hula ta kai ta har jami'a. Wata biyu da suka wuce Safara'u ta lura yayar tata ta rame, allura da zare na ajiye ba a taɓa su. Da yake likita ba ya duba ɗan'uwansa, sai ta kai ta wajen abokin aikinta a ɗaki na uku. Na'ura ta ce gajiya ce, aka ba ta maganin ciwon jiki. Safara'u ta karanta sakamakon, hankalinta ya kwanta.

Yanzu ga Uwani a gadon babban asibiti, ana ƙara mata ruwa, ƙasusuwan wuyanta duk a waje. Likitan da ya karɓe ta, wani tsoho da ya ƙi yarda a sa masa na'ura a ɗaki, ya zauna da ita rabin sa'a, ya fito ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, kuma ya daɗe.

"Yaya, me ya hana ki gaya mini?" Safara'u ta tambaya, tana riƙe da hannunta.

Uwani ta juyo da kai ta dube ta. "Na gaya wa na'urarku. Na ce mata bayana na ciwo, bakina ba ɗanɗano, kaina kamar ana hura wuta a ciki. Ke kika ce mini ta fi kowa ji. Da ta ce ba komai, sai na ce to ni ce ragguwa."

Safara'u ta fito baranda don kada yayarta ta ga fuskarta. Ta zauna a benci, ta dafe kai. Bangon da ke gabanta yana nuna wasan ƙwallo. Da ta ɗago, idanunta jajur, sai ƙwallon ta ɓace.

Wata mace ta bayyana, sa'arta, da irin mayafinta, zaune a benci irin wanda take kai. Kiɗan gurmi yana tashi a hankali. Matar ta dubi Safara'u ta ce, "Safiya ba ta yi mini daɗi. Ji nake kamar an cika mini ƙirji da yashi. Abin da nake so a da, yanzu ba ya burge ni." Sai haske ya sauya, ga matar tana dariya a wajen suna, wata murya mai taushi ta ce, "Ba kai kaɗai ba ne, ba ke kaɗai ba ce. Tambayi likitanki Walwalin." Can ƙasa, da rubutu ƙanana, an sa: da fasahar Cibiyar Lawandi.

Ashe bangon jira yake ya ga baƙin ciki a fuskarta. Amma ba wannan ne ya fi girgiza ta ba. Jin maganar a bakin mace, a hankali, ya tuno mata inda ta fara jin ta. Wata tsohuwa ce mai ginin tukwane a wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja, wadda 'ya'yanta biyu suka nutse a shekara ɗaya. Ita ta ce an cika mata ƙirji da yashi, domin yashi ta gani a bakin yaran da aka tsamo su. Da suka gama, tsohuwar ta riƙe mata hannu ta ce, "'Yar nan, ba dai a rediyo za ku sa ni ba ko?" Safara'u ta rantse mata.

Washegari da tsakar rana, lokacin da kowa ya tafi cin abinci, ta kulle ɗaki na bakwai ta zauna a kujerar marasa lafiya. Ta faɗa wa na'urar maganar Uwani, kalma bayan kalma, da murya ƙasa-ƙasa. Allo ya ce gajiya. Ta gwada wasu maganganu goma sha biyu daga cikin waɗanda ta naɗo a ƙauyuka, waɗanda a da na'urar ba ta kuskure su. Biyu kawai ta gane. Daga nan ta yi murmushi har haƙoranta suka fito, ta rera maganar tallar kamar mai waƙar gaɗa. Allo ya ce ciwon damuwa, mataki na biyu, Walwalin.

Ba sai an yi mata bayani ba. Bango yana tsintar duk wanda fuskarsa ta ɓaci, ko mutuwa aka yi masa, ko jarrabawa ya faɗi, ko da matarsa suka yi faɗa, ya sa masa kalmomi a baki. Mutum ya kawo su asibiti, na'ura ta gane su, likita mai layin mutum sittin a ƙofa ya ɗora yatsa. Kowace ɗora yatsa tana koya wa na'urar cewa haka masu damuwa ke magana. Bayan dubban ɗaruruwan takardu, ta manta sauran harsunan ciwo, ta riƙe na talla kaɗai. Uwani kuwa bangon gidanta ya lalace tun shekara biyu, ta rataya labule a kansa. Ba ta san abin da ake faɗa ba, sai ta faɗi gaskiya.

Da la'asar ta hau hawa na arba'in na Cibiyar Lawandi. Farfesa Jafaru ya taso da kansa ya tarbe ta, gemunsa ya yi fari fat, fara'arsa tana nan yadda ta san ta. Ya sa aka kawo mata kunun aya mai sanyi. Ba ta taɓa kofin ba. Ta faɗa masa komai a tsaye, tana fatan ya firgita, ya ce sace musu aka yi.

Bai firgita ba. Ya cire tabarau ya goge.

"Zauna, Safara'u. Shekara uku ke nan da muka ba kamfanin Walwalin izini."

"Muryoyin ma?"

"Ba muryar kowa suka sa ba. Kalmomi ne, 'yan wasan kwaikwayo ke faɗa."

"Malam, na rantse wa matar nan."

"Na sani. Ki saurare ni, 'yata. Kafin tallar nan, mutum nawa ke zuwa asibiti ya ce ransa ba daɗi? Ɗaya cikin goma. Sauran suna gida ana cewa aljanu ne, ko rashin tawakkali. Shekara talatin na yi ina rubuta takardu ina hawa mumbari, ban motsa ko unguwa ɗaya ba. Tallar nan a wata shida ta yi abin da na kasa. Yau direba yana faɗa wa abokinsa yana shan maganin damuwa, ba kunya. Wannan ba shi muke nema ba?"

"Mai takaba ma ana ba shi. Wanda aka yi wa sata ma ana ba shi."

"Wasu za su sha ba su buƙata, na yarda. Na auna, na ga ya fi a bar dubbai a duhu."

"Ka san na'urar ta daina jin masu ciwon gaske?"

Ya dubi taga, inda jiragen gada ke wucewa a ƙasa da su.

"An nuna mini alƙaluma bara. Muna shirin gyarawa."

"Bara," ta maimaita. "Yaya Uwani tana gadon asibiti. Wadda ta ɗinka maka hular da ka sa ranar da aka buɗe ginin nan. Ni na kai ta gaban na'urar da hannuna, wata biyu da suka wuce."

Ya sunkuyar da kai, ya yi addu'ar Allah ya ba ta lafiya, kuma ta ji da gaske yake. Sai ta ce masa za ta kai magana gaban hukumar magunguna ta birni. Ya mayar da tabaransa.

"Kafin ki je, ki san cewa da sa hannunki a takardar izinin. Ke ce mai riƙon muryoyin a hukumance, ba a iya ba da su sai da ke."

"Ban taɓa sa hannu a irin wannan ba."

"Ranar walimar ƙarin girmanki. Na ce miki takardun sabunta bincike ne."

Ta tuna. Ya miƙo mata su tsakanin gaisuwa da hotuna, ya nuna mata wuri uku da yatsa. Ba ta karanta ko layi ɗaya ba. Mutumin da ya tsaya mata a matsayin uba ranar ɗaurin aurenta, me za ta karanta a takardarsa? Ta ɗauki jakarta ta fita, shi kuma bai kira ta ba.

Duk da haka ta je. A zauren hukumar, gaban mutane da 'yan jarida, aka kawo na'ura, ta maimaita gwajin da ta yi a ɗaki na bakwai. Da ta rera maganar talla tana murmushi allo ya rubuta mata magani, wasu suka yi dariya, sannan dariyar ta mutu. Farfesa Jafaru ya zo da lauya. Ya ce shi mai ba da shawara ne kawai, muryoyin suna hannun Dakta Safara'u, ga kuma sa hannunta. Bai kalli inda take ba har aka tashi. Hukuma ta hana tallar, ta sa aka cire Ma'aunin Rai daga asibitoci, ta ja wa Safara'u kunne a rubuce. Farfesa ya yi ritaya, aka bar sunansa a jikin ginin.

Safara'u ta ɗauka nan abin zai tsaya. Amma labarin da ya zaga gari ba shi ne wanda ta bayar ba. A tasha da kasuwa cewa ake likita ta tona asiri, maganin damuwa ƙarya ne, ciwon ma ƙirƙiro shi aka yi don a sayar da ƙwaya. Masu shara suka riƙa kwashe kwalaben Walwalin daga kwata buhu-buhu. Alhali maganin ba na ƙarya ba ne. A kansa tsohon likitan nan ya ɗora Uwani, kuma a mako na biyar ta nemi a miƙo mata allura da zare.

Layin mutum sittin ya koma mutum huɗu. Safara'u ta zauna da tsofaffin fayiloli, ta ware mutum ɗari uku da goma da ta tabbata ciwonsu na gaske ne, ta shiga kiransu ɗaya bayan ɗaya tana roƙon kada su yanke magani kai tsaye. Da yawa suna jin sunanta suke kashe waya. Wani ya ce mata, "Ba ke kika ce yaudararmu ake yi ba? Yanzu kuma me ya canza?" Ta yi ta bayani har ta gane ba kowa a layin.

Wata safiya, bayan wata uku, wani mutum ya shigo riƙe da hannun matarsa. Ya ce sunanta Malama Kubura, tana koyar da lissafi a sakandare. Shekara biyu tana shan magani lafiya ƙalau, ranar da aka nuna zaman hukuma ta zubar da shi a masai. Yanzu mako shida ba ta je makaranta ba, ba ta kula ko jaririyarta. Safara'u ta roƙe shi ya jira a waje. Ta jawo kujerarta ta dawo kusa da matar, ba tebur a tsakaninsu.

"Malama, gaya mini yadda kike ji."

Kubura ta buɗe baki, ta rufe. Idanunta suka cika.

"In na faɗa za ki ce a bango na ji."

"Ba zan ce ba. Faɗa mini yadda ya zo miki."

"Likita, kafin tallar nan shekara bakwai na yi ban san sunan abin da ke damuna ba. Su suka ba ni abin faɗa. Yanzu kun ce nasu ne, ba nawa ba." Ta share fuska da gefen mayafi. "To ni ba ni da wasu kalmomin. Na nema, ban samu ba."

Safara'u ta tashi ta leƙa ƙofa, ta ce wa ma'aikaciyar jinya kada a turo kowa sai ta kira. Ta dawo ta zauna, ta ajiye biro.

"Ba ma sauri," ta ce. "Fara da inda ke miki ciwo a jiki."

Kubura ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Can ta ɗaga shi a hankali, ta ɗora a bayan wuyanta.